Usur a Hannun Wa? Rigimar Twitter da Gwamnatin Najeriya, da Zargin Son Kai a Shafukan Sada Zumunta

Ranar Talata, 1 ga Yunin 2021, shugaban hukumar zaɓe na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya je fadar shugaban ƙasa ya kai kukan yadda ake banka wa ofisoshin hukumarsa wuta, galibi a kudu maso gabas. Marigayi Muhammadu Buhari ya mayar da jawabi cikin fushi, masu kula da shafinsa na Twitter kuma suka gutsuttsura jawabin suka wallafa. A ɗaya daga cikin guntayen ya ce yawancin masu ta da zaune tsaye a yau yara ne da ba su ga ɓarnar yaƙin basasa ba, kuma su da suka shafe wata 30 a fagen daga za su yi musu magana da yaren da suke ganewa.

Wanda ya tashi a Daura ko Gumel zai iya jin wannan a matsayin gargaɗin tsohon soja ga masu ƙona dukiyar gwamnati. Wanda kakarsa ta ba shi labarin yunwar Biyafara a Owerri kuwa, barazana ya ji, kuma ba ga 'yan bindiga kaɗai ba. Mutane da yawa suka kai ƙarar saƙon. Washegari kamfanin Twitter ya goge shi, ya ce ya saɓa wa ƙa'idarsa, ya kuma ɗaure shafin shugaban ƙasa na sa'a 12. Ranar Juma'a, 4 ga wata, Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta sanar da dakatar da Twitter a Najeriya har sai abin da hali ya yi. A shafinta na Twitter ta wallafa sanarwar. Kafin gari ya waye ranar Asabar kamfanonin waya sun toshe hanya, kuma haka aka zauna kwana 222.

An yi ta yi wa ministan yaɗa labarai, Alhaji Lai Mohammed, dariya a lokacin, amma tambayar da ya jefa ba ta banza ba ce. Cewa ya yi Twitter na auna mutane da mudu biyu. Ga Nnamdi Kanu, jagoran ƙungiyar IPOB da kotu ta haramta tun Satumban 2017, yana zuba kalaman tunzura mabiyansa a kan jami'an tsaro, saƙonninsa na nan daram. Shugaban ƙasa ya yi gargaɗi sau ɗaya an share. Ya kuma tuno da zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, lokacin da shugaban kamfanin da kansa, Jack Dorsey, ya fito ya nemi a tallafa wa masu zanga-zangar da kuɗin intanet na bitcoin, kamfanin kuma ya ƙera wa maudu'in tambari na musamman. Ko mutum na goyon bayan EndSARS ko ba ya yi, ba zai ce mai gidan bai nuna inda zuciyarsa take ba. A Arewa, inda gwamnoni suka fito suka ce su ba su ga laifin rundunar SARS ba, matasa kuma ke fafutukar a ji kukansu kan 'yan bindigar Zamfara da Katsina ba tare da wani attajirin Amurka ya ɗaga musu murya ba, maganar Lai ta sami masu saurare. Ɗan siyasar nan na Adamawa, Adamu Garba, har ƙarar Dorsey ya shigar yana neman diyyar dala biliyan 1. Sai bayan an rufe shafin a Najeriya ne Twitter ya waiwayi wani saƙon Kanu ya goge, abin da ya ƙara wa masu zargi ƙarfin gwiwa: ashe dama ana iyawa.

Akwai kuma wani tsohon miki. A Afrilun 2021 Twitter ya sanar da cewa a Accra zai kafa ofishinsa na farko a Afirka, ba a Legas ba, yana yaba wa Ghana da mutunta 'yancin faɗar albarkacin baki. Abuja ba ta ji daɗin wannan yabo ba, don ta san da wa ake.

Kowa na kuka da alƙalin wasa

Wanda ya taɓa zama gidan kallon ƙwallo ya san ba a taɓa tashi wasa magoya bayan ɓangarorin biyu sun yaba wa alƙali ba. Kowa na ƙirga bugun da aka hana shi, ba ya ƙirga wanda aka ba shi. Haka lamarin tace saƙonni yake, sai dai a nan ba ka ma ganin alƙalin, ba ka san sunansa ba, kuma ba ka ganin katin da ya ɗaga wa abokin hamayyarka. Kai dai ka wayi gari an kulle maka shafi, shi kuma wancan da ya zage ka jiya yana nan yana shan iska. Daga nan zuwa cewa "an haɗa baki da su" taki ɗaya ne.

Ba a Najeriya aka fara wannan kuka ba, kuma inda aka fi yin sa, wato Amurka, nan ne aka fi bin diddiginsa. A 2020 cibiyar bincike ta Pew ta tambayi Amurkawa, kusan kashi 73 cikin 100 suka ce suna jin kamfanonin nan na danne ra'ayin siyasar da ba su so da gangan. A cikin magoya bayan jam'iyyar Republican, tara cikin goma ne suka ce haka. Suna da abin nunawa. A Oktoban 2020, ana dab da zaɓe, Twitter ya hana yaɗa labarin jaridar New York Post kan kwamfutar Hunter, ɗan Joe Biden, matakin da Dorsey ya amsa daga baya cewa kuskure ne. A Janairun 2021, bayan magoya bayan Donald Trump sun afka wa majalisar dokoki, Twitter ya rufe shafinsa baki ɗaya, Facebook ma ya dakatar da shi. Shi ya sa da Buhari ya rufe Twitter, Trump na cikin na farko da suka fito suka taya Najeriya murna.

To amma da masu bincike suka zauna da alƙaluma, sai hoton ya sauya. A Oktoban 2021 Twitter ya fitar da nazarin da ma'aikatansa suka yi a ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Faransa, Jamus, Sifaniya da Japan. A shida daga ciki, in ban da Jamus, manhajar da ke zaɓar abin da za ta tura wa mutane ta fi ɗaga muryar 'yan siyasa masu ra'ayin riƙau a kan masu sassaucin ra'ayi. Wato waɗanda suka fi kukan ana danne su, su na'urar ta fi yi wa talla.

Nazarin da ya fi shiga zuciyar maganar shi ne wanda mujallar kimiyya ta Nature ta buga a Oktoban 2024. Masu binciken sun bi shafuka 9,000 na Twitter, rabi na masu yaɗa maudu'in goyon bayan Trump a zaɓen 2020, rabi na masu goyon bayan Biden. Bayan watanni suka koma suka duba: an rufe na ɓangaren Trump fiye da ninki huɗu na ɗaya ɓangaren. In an tsaya a nan, an gama shari'a. Sai dai sun kuma duba irin labaran da kowane ɓangare ke yaɗawa, suka tarar mutanen Trump sun fi ɗauko labari daga kafafen da ba su da inganci, kuma wannan hukunci bai canza ba ko da aka bar wa 'yan Republican zalla su tantance wace kafa ce ta ƙwarai. Abin da wannan ke nunawa shi ne, ko da dokar ba ta san kowa ba, in wani ɓangare ya fi taka ta, shi zai fi shan hukunci. Yawan waɗanda aka kora daga gefe guda ba ya isa hujjar son kai. Ba kuma ya wanke kamfanin, domin wanda ya rubuta dokar shi ya zaɓi abin da za a kira laifi tun farko.

Inda zargin ya tabbata

Kada a ɗauka duk kukan na banza ne. Akwai wuraren da aka kama kamfanonin dumu-dumu, sai dai abin lura shi ne inda suka karkata. A Agustan 2020 jaridar Wall Street Journal ta fallasa cewa babbar jami'ar Facebook a Indiya, Ankhi Das, ta hana a hukunta wani ɗan majalisa na jam'iyyar BJP mai mulki, T. Raja Singh, duk da kalamansa na tunzura jama'a a kan Musulmi, saboda gudun kada kasuwancin kamfanin ya taɓu. Ta ajiye aiki bayan wata biyu. Wannan ba aƙida ba ce, lissafin ciniki ne: Indiya ce babbar kasuwar Facebook a duniya, mai mulkinta kuma ba a son ɓata masa rai.

Sai batun Falasɗinu, wanda masu amfani da Facebook a Kano da Zariya da Maraɗi ba sa buƙatar a ba su labarinsa, don da yawa sun ga an rage wa rubutunsu tafiya ko an ɗaure musu shafi. A Mayun 2021, ana tsakiyar rikicin Ƙudus, Instagram ya toshe saƙonnin da ke ɗauke da sunan Masallacin Al-Aƙsa, saboda tsarinsa ya rikita sunan masallacin da na wata ƙungiya da ke jerin 'yan ta'adda. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ɗauko wani kamfanin bincike mai zaman kansa, BSR, ya duba abin da ya faru. Rahoton da ya fito a Satumban 2022 ya ce an fi tsananta wa rubutun Larabci, an kuma yi sakaci da na Ibrananci, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne Meta na da manhajar farautar kalaman ƙiyayya da Larabci, amma ba shi da irinta da Ibrananci a lokacin. Tarko aka kafa a gona ɗaya aka bar ɗayar. Rahoton bai sami shaidar cewa da niyya aka yi ba, amma ya ce sakamakon ya tauye haƙƙin Falasɗinawa. A Disamban 2023 ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara misalai 1,050 na saƙonnin da aka goge ko aka danne kan yaƙin Gaza, 1,049 daga ciki na goyon bayan Falasɗinawa ne cikin lumana.

Wanda aka goge wa rubutu bai damu da ko mugunta ce ko sakaci ba, kuma yana da gaskiya. Amma ga mai neman magani bambancin na da muhimmanci, don maganin mugunta daban, na jahilci daban. Ko a EndSARS ɗin da Lai ke cewa kamfanonin waje sun ɗaure wa gindi, washegarin harbin Lekki na 20 ga Oktoban 2020 Instagram da Facebook sun riƙa liƙa wa hotunan masu zanga-zangar tambarin "labarin ƙarya", har sai da suka fito suka ba da haƙuri. A kan zanga-zanga guda, gwamnati na zargin kamfani ɗaya da goyon bayan masu zanga-zanga, masu zanga-zanga na zargin ɗayan da goyon bayan gwamnati.

Alƙalin da ba ya jin Hausa

A nan ne maganar ta zo gida. Takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna kashi 87 cikin 100 na abin da kamfanin ya ware don tantance labaran ƙarya a kan Amurka yake ƙarewa, sauran duniya kaf ta raba kashi 13. A cikin wannan ragowar ne Indiya da Brazil da ƙasashen Larabawa za su ɗiba kafin a zo kan Afirka, a cikin Afirka kuma kafin a zo kan Hausa.

Shugaban Facebook, Mark Zuckerberg, ya zo Legas a Agustan 2016 yana alfahari da cewa an sa Hausa cikin harsunan Facebook. Buɗe ƙofa ke nan. Sa mai gadi kuma wani abu ne daban. A Yunin 2018, lokacin kashe-kashen Barikin Ladi a Filato, hotunan gawarwaki da ba su da alaƙa da rikicin, wasu ma ba daga Najeriya ba, sun yi ta yawo a Facebook ana cewa ga abin da aka yi wa 'yan uwanku, aka kuma tare hanya aka kashe matafiya da ba su ji ba su gani ba. Binciken da BBC ta fitar a Nuwamban 2018 ya gano cewa mutum huɗu kacal abokan aikin Facebook suka ware don tantance labaran Najeriya, ƙasar da ke da masu amfani da shafin miliyan 24 a lokacin, kuma babu mai jin Hausa ko ɗaya a cikinsu. Daga baya an shigar da Hausa cikin aikin, amma tazarar ba ta rufe ba.

Su kuma masu duba saƙonnin da aka kai ƙara, yawancinsu ba ma'aikatan Meta ba ne, 'yan kwangila ne. Na yankinmu a Nairobi suka zauna, ƙarƙashin wani kamfani mai suna Sama. Mujallar Time ta ruwaito a Fabrairun 2022 cewa su kusan 200 ne daga ƙasashen Afirka daban-daban, wasu na karɓar abin da bai wuce dala ɗaya da rabi a sa'a ba, ana kuma son su yanke hukunci kan kowane saƙo cikin daƙiƙa 50, bayan sun wuni suna kallon yankan rago da fyaɗe. A 2023 Sama ya bar aikin, aka sallame su, fiye da 180 suka garzaya kotu a Kenya.

Yanzu a ɗora wa wannan bawan Allah, ko na'urar da ke taya shi, maganar Bahaushe. Bafulatani ya rubuta wa Babarbare cewa shi bawansa ne, ko Bakano ya yi wa Bazazzagi tsiya, duk wanda ya tashi a cikinmu ya san wasa ne da ya girmi kakanninsu. Na'urar da ta koyi ƙiyayya daga rubutun Turanci ƙabilanci za ta gani tsirara. A gefe guda kuma, mai son a far wa wani ba ya buƙatar zagi ko ɗaya. Habaici ya ishe shi. Ya sa hoton mutum, ya ambaci unguwarsu, ya ce jama'a sun san abin da ya dace, ya rufe da addu'a. Babu kalmar da za ta tayar da ƙararrawa, amma duk wanda ya karanta ya gane. Ƙara da cewa rabin rubutunmu a waya ba ƙugiya, Hausa da Turanci a cakuɗe, kowa da irin tasa ƙa'idar, sannan mafi zafin maganganun ma ba a rubuce suke ba, a murya suke da bidiyo. Sakamakon shi ne a hukunta mai raha a bar mai hura wuta. Shi kuwa mai rahar, in ɗan Kwankwasiyya ne zai rantse 'yan Gandujiyya ne suka saye kamfanin, in ɗan Gandujiyya ne ya rantse da akasin haka.

Wani lokacin ma ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, sai dai ba kamfanin aka saya ba, rauninsa aka gano. Sojojin baka sun ƙaura daga gidajen rediyo zuwa waya, sun kuma san cewa in mutum ɗari suka kai ƙarar shafi ɗaya cikin sa'a guda, akwai yiwuwar a rufe shi kafin wani ɗan Adam ya duba. Kamfanonin na cewa yawan ƙara ba ya sa su goge abu, amma duk wanda ke cikin zaurukan WhatsApp na siyasa ko na saɓanin malamai ya ga sanarwar "ga shafin nan, a taru a yi masa rifot". A Janairun 2023 BBC ta bankaɗo yadda jam'iyyu ke biyan masu tasiri a shafukan nan a asirce, wasu har naira miliyan 20, don yaɗa ƙarya kan abokan hamayya. Wanda zai biya a yaɗa ƙarya ba zai ji nauyin biya a rufe bakin wani ba.

Bayan kwana 222

Abin da gwamnatin Buhari ta yi da ƙorafinta shi ne ya ɓata shi. Ministan shari'a Abubakar Malami ya ba da umarnin gurfanar da duk wanda aka kama yana shiga Twitter ta bayan gida, alhali babu dokar da ta haramta hakan. Hukumar NBC ta umarci gidajen rediyo da talabijin su daina amfani da shafin. Matasa suka sauke manhajar VPN suka ci gaba da harkarsu, masu sayar da atamfa da turare da takalma ta shafin kuma suka ji a jikinsu. Kakakin shugaban ƙasa, Garba Shehu, ya fitar da sanarwa cewa ba goge saƙon shugaban ƙasa kaɗai ne dalili ba, amma tsakanin gogewar da rufewar kwana biyu ne, kuma mutane sun iya lissafi. Facebook ma ya cire wannan saƙon na Buhari, amma gwamnati ba ta taɓa Facebook ba. A ganina dalilin a fili yake: Twitter dandalin 'yan jarida ne da 'yan boko masu surutu, Facebook kuwa can talakawan da suka yi zaɓe suke, har da na Arewa.

Ba Najeriya kaɗai ta bi wannan hanya ba. A Janairun 2021 Shugaba Yoweri Museveni ya rufe Facebook a Uganda ana jibi zaɓe, bayan kamfanin ya goge shafukan bogi da ya ce suna da alaƙa da ma'aikatar sadarwar ƙasar. Kalmar da ya yi amfani da ita ita ce ta Lai: sun ɗauki ɓangare. Shugabannin nan ba alƙali mai adalci suke nema ba. Usur ɗin suke so a miƙa musu, alhali suna cikin fili sanye da rigar ƙungiya.

An buɗe Twitter ranar 13 ga Janairun 2022. Shugaban hukumar NITDA, Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda ya jagoranci tattaunawar, ya ce kamfanin ya amince ya yi rajista a Najeriya, ya naɗa wakili, ya biya haraji, ya kuma buɗe wa jami'an gwamnati da na tsaro wata hanya ta musamman ta kai ƙarar saƙonni. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda ba a cika magana a kansa ba, kuma shi ya fi cancanta a sa wa ido. Ba a ji wani sharaɗi da ya ce a ɗauki masu jin Hausa ko Fulatanci ko Kanuri aiki ba, ko a riƙa gaya wa wanda aka rufe wa shafi takamaiman laifinsa da harshen da yake ji, ko a ba shi inda zai ɗaukaka ƙara gaban mutum mai rai. Ranar 14 ga Yulin 2022 kotun ECOWAS, a ƙarar da ƙungiyar SERAP da wasu suka shigar, ta yanke cewa rufewar ta saɓa wa doka kuma ta tauye 'yancin faɗar albarkacin baki. Manhajar Koo ta Indiya, wadda jami'an gwamnati suka yi ƙaura zuwa cikinta da ɗoki a lokacin rufewar, ta rufe kanta a Yulin 2024.

Shi ma kamfanin ya canza hannu. Elon Musk ya saye shi kan dala biliyan 44 a ƙarshen Oktoban 2022, yana cewa ya zo ya kawo ƙarshen son kai. Cikin kwanaki ya sallami kusan duka ma'aikatan ofishin Accra, wanda bai daɗe da buɗe ƙofa ba. Ya mayar wa Trump shafinsa, ya sauya sunan dandalin zuwa X, a Mayun 2023 kuma, ana gobe zaɓen Turkiyya, ya toshe wasu shafuka bisa buƙatar gwamnatin Erdogan. A 2024 ya fito fili ya yi wa Trump yaƙin neman zaɓe da kuɗinsa da shafinsa. Waɗanda suka yi kukan son kai a zamanin Dorsey suka yi tsit, waɗanda suka ce kamfani na da ikon yin abin da ya ga dama da dandalinsa suka karɓi kukan.

Ranar 7 ga Janairun 2025, saura kwana 13 a rantsar da Trump karo na biyu, Zuckerberg ya sanar da cewa Meta zai daina aiki da masu tantance labarai a Amurka, yana zarginsu da karkata ta siyasa, zai kuma bar wa masu amfani da shafin su riƙa yi wa juna gyara kamar yadda ake yi a X. Tsarin ba ya nuna gyara sai mutanen da suka saba saɓa wa juna sun yarda da shi. A Amurka aka fara. In ya iso nan kafin zaɓen 2027, ma'anarsa ita ce ƙaryar da aka rubuta da Hausa kan wani ɗan takara za ta ci gaba da yawo har sai ɗan jar hula da ɗan tsintsiya sun haɗu sun sa hannu cewa ƙarya ce.